Wa Ya Rufe wa Gamzaki Ido?

Tashar Kumbo, Gagarawa
8 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa mai gyaran rediyo, Gumel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Iya da ’yar'uwata Ummulkhair da ɗanta. Yaya ƙafar taka? Yaya kuke fama da zafin nan? Allah ya kawo mana damina lafiya.

Baba, kada hankalinka ya tashi don ka ga takarda ba ka gan ni ba. Ka san dama ba ma shiga da waya cikin tashar nan, saboda tana dagula wa babban faifanmu na sauraron sama ji. To tun ranar Litinin an hana mu fita ko da bakin ƙofa ne. Ɗantsoho direba kaɗai ke zuwa Gumel cefane, shi na roƙa ya miƙa maka wannan hannu da hannu.

Gamzaki ne ba lafiya. Kumbon nan da nake ba ka labari, wanda babu mutum a cikinsa, watansa takwas ke nan a hanyar duniyar Mars bai taɓa ba mu ciwon kai ba. Kullum yakan ɓullo mana wajen sha ɗaya na safe, mu gaisa, ya faɗa mana zafin jikinsa da ƙarfin batirinsa da man da ya rage masa. Ranar Litinin ina kan kujerar tuƙi muka juya faifai muna jiransa, sai muka ji shiru. Da kyar muka tsinto wani ɗan siririn sauti, irin na tashar da kake kamowa a gajeren zango idan batir ya yi sanyi.

Abin da ya faru shi ne, yana da wata na'ura da muke kira idonsa, da ita yake duban taurari ya san inda ya dosa. An kashe idon. Da ya ga ya makance sai ya yi irin ta bushiya, ya dunƙule, ya juya farantansa ga rana don kada wuta ta ƙare masa, ya kawar da babbar eriyarsa daga gare mu, ya bar ƙaramar. Haka aka gina shi ya yi idan ya rikice. Amma ranar ashirin ga wata dole mu kunna injinsa mu gyara masa hanya. Idan ranar ta wuce yana makaho, zai wuce Mars ya yi ta tafiya, aikin shekara tara ya bi iska.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Da muka tambaye shi dalili, ya amsa cewa umarni aka ba shi ya rufe ido, kuma umarnin yana ɗauke da lambata. Baba, wallahi ban aika ba. Rajistar tashar ma ba ta nuna an aika komai a ranar ba. Ke nan wani ya aika da sunana, ya kuma goge sawunsa.

Mu uku ne kawai ke da ikon yi masa magana: ni, da shugabanmu Injiniya Abdulsalam, da abokin aikina Sirajuddeen, mutumin Ɗanzomo. Irin kallon da Injiniya ya yi mini ya fi magana zafi.

Ka sa ni a addu'a. Kada ka faɗa wa Iya tukuna.

’Yarka,
Naja'atu

Tashar Kumbo, Gagarawa
11 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Iya. Amsarka ta iso, har da ƙullin aya da dabino. Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

Ka ce in kama bakina, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ji, kuma ban faɗa wa kowa komai ba. Amma kai mahaifina ne, bari in zazzage maka abin da ke cikina, ka auna da kanka.

Sirajuddeen ya girme ni a aikin nan da shekara huɗu. Kowa ya ɗauka shi za a ba aikin gyaran hanya na ranar ashirin, sai hedikwata ta zaɓe ni. Ya yi mini murna a gaban mutane, amma tun daga ranar gaisuwarsa ta gajarce. Na tuna sau biyu ina buga lambar sirrina na waiga na gan shi tsaye a bayan kujerata, wai yana duban allo. A lokacin ban kawo komai ba.

Sannan ranar Alhamis, kwana huɗu kafin abin ya faru, na bi Ɗantsoho kasuwar Maigatari zan sayo wa Iya man shanu. A bayan kara, inda ake loda raƙuma, na hango Sirajuddeen da wani dogon mutum mai rawani, da ganinsa daga Damagaram ya ƙetaro. Suna magana ƙasa-ƙasa. Sirajuddeen ya zaro wani ƙunshi daga cikin rigarsa ya ba shi, mutumin ya cusa a aljihu ya yi hanyar iyaka. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai. Ko da muka dawo tasha bai ce ya gan ni ba. Me mutum zai ɓoye idan abin arziki ne? Ba ƙasa ɗaya ba ce ke son kumbon nan ya isa, akwai waɗanda faɗuwarsa za ta yi musu daɗi.

Tun da abin ya faru ya daina cin abinci tare da mu. Jiya na tarar da shi shi kaɗai a ɗakin ajiyar takardu yana bincike, da na shiga sai ya rufe fayil. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hedikwata ta turo wata mai bincike, Hajiya Juwairiyya, mace mai ƙarancin magana da yawan rubutu. Ta hana a aika wa Gamzaki kowane irin umarni sai na tambaya kawai, shi ma sai mutum biyu sun sa hannu. Ta ce ba za a buɗe masa ido ba sai an san wanda ya rufe, kada a buɗe a sake rufewa a tsakiyar gyaran hanya.

Don haka yanzu ƙwaƙwalwarsa muke karantowa, mu ga duk abin da aka taɓa gaya masa. Aikin yana cin rai. Tambaya tana ɗaukar minti goma sha uku kafin ta isa, amsa ma haka, kuma ta ƙaramar eriya bayanin ɗigowa yake kamar famfon unguwarmu da bazara. Abin da da muke samu a minti biyar yanzu yini guda yake ci. Muna da tagwayensa a nan ƙasa, wata kwamfuta da aka gina daidai da tasa, duk tambayar da za mu yi sai mun gwada a kanta. Mun gwada ko zafi ne, mun gwada ko wutar rana ce ta taɓa shi, ba ko ɗaya. Umarni ne sak, da hannun mutum.

Gobe Hajiya za ta zauna da kowa shi kaɗai. Ban san abin da zan ce ba.

A gaida Ummulkhair.

’Yarka mai biyayya,
Naja'atu

Tashar Kumbo, Gagarawa
14 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum, tare da fatan kun tashi lafiya. Ɗantsoho ya ce ya same ka a shago, na ji daɗi ƙafa ta yi sauƙi.

Na saɓa maganarka. Ka yafe mini.

Hajiya ta zaunar da ni, ta ajiye takardar da ke nuna lambata a gabana, ta ce idan ba ni ba ce to wane ne. Ta ce idan ba ni da amsa za ta rubuta abin da takarda ta nuna. Na ga sunanka da nawa suna shirin zubewa, na tuna rediyo nawa ka gyara kafin in gama jami'a. Sai na faɗa mata duka: tsayuwarsa a bayana, mutumin Maigatari, ƙunshin, fayil ɗin.

Jiya da hantsi aka karɓe katinsa na aiki. Mota ta zo daga hedikwata da jami'ai biyu, ba a ma rufa masa asiri ba, a gaban masu gadi da masu shara aka fito da shi, yawancinsu kuwa mutanen yankinsa na Sule Tankarkar ne, sun san gidansu. An ajiye shi a wani masauki a Gumel, ba shiga ba fita. Da zai wuce ta gabana bai yi fushi ba, bai kuma tambaye ni don me ba. Cewa kawai ya yi, Naja'atu, ku duba ranar da umarnin ya isa wurinsa, ba ranar da ya yi aiki ba.

Na ɗauki maganar a matsayin dabarar wanda ruwa ya ƙare wa. Amma Baba, na zaci idan ya tafi zan samu sauƙi, ban samu ba. Wani abin ne ma ya fara damuna.

Injiniya Abdulsalam mutum ne mai jan magana, ko fanka za a saya sai an yi zama uku. Amma da Hajiya ta kawo masa batun Sirajuddeen, ko tambaya ɗaya bai yi ba ya sa hannu. Shekararsu bakwai tare. Kuma da na koma ɗakin ajiya in ga fayil ɗin da Sirajuddeen ke dubawa, na tarar da gurbinsa babu komai. Na watan Agusta ne, watan da aka harba kumbon. Mai kula da ɗakin ya ce Injiniya ne ya ɗauka tun shekaranjiya, ya kai ofishinsa ya kulle.

Yau da safe kuma ya ba da shawarar mu daina karanto tsohon ɓangaren ƙwaƙwalwar, wai ɓata lokaci ne tunda an kama mai laifi, saura kwana shida. Na ce masa an riga an gwada tambayar a kan tagwayen, ya bari ta tafi. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa hannu.

Yanzu ban san wanda zan yarda da shi ba. Ko mai kawo shayi ya shigo sai in rufe allona. Ni da nake murnar ina aiki kusa da gida, yau ji nake kamar a tsakiyar baƙi nake.

Ka ci gaba da addu'a.

’Yarka,
Naja'atu

Tashar Kumbo, Gagarawa
17 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ni ce.

Amsar ta iso jiya bayan azahar. Umarnin da ya rufe idon bai isa wurin Gamzaki ranar Litinin ɗin nan ba. Tun ranar sha tara ga Agusta yake kwance a cikinsa. Ina ganin ranar na gane ta. Ranar da Ummulkhair ta haihu ce.

A wancan makon muna gwajin kumbon, muna duba ko yana karɓar umarni ya ajiye don gaba. Na aika masa na rufe ido, na sa masa wata rana mai nisa don kada ya yi aiki, da niyyar in goge nan take. Ranar da ta zo hannuna na buga, shida ga Afrilu, a lokacin gani nake kamar ba za ta taɓa zuwa ba. Na kuwa aika na gogewa. Sai hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, aka kwantar da faifai don kada ya karye. A daidai nan mai gadi ya shigo ya ce an bugo daga gida, Ummulkhair tana asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ƙa'ida ita ce in jira iska ta lafa, a ta da faifai, in ga kumbo ya amsa cewa ya goge. Ban jira ba. Na rubuta a takarda cewa an goge, na miƙa wa Injiniya, ya sa hannu bai duba ba, na hau mota. Na gogewar bai taɓa isa ba. Wata takwas abin yana kwance yana jiran ranarsa.

Kada ka faɗa wa Ummulkhair, ba laifinta ba ne. Minti arba'in kawai ake nema a wurina.

Ban gama dawowa hayyacina ba Injiniya ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Fayil ɗin Agusta yana kan teburinsa. Ashe tun kwana na biyar ya gane, Sirajuddeen ne ya fara kai masa zancen, shi kuma Injiniya ya ce masa ya bari zai duba. Ya ce mini ni kamar ’yarsa ce, ba zai so a yi asarata ba. Ya ce mu biyu kaɗai muka ga amsar nan, za mu iya rubuta cewa wutar rana ce ta rikita kumbon, mu buɗe ido mu yi aikinmu. Da na tambaye shi Sirajuddeen fa, sai ya ce ba za a same shi da hujja ba, iyaka a mayar da shi wani ofis, bayan shekara kowa ya manta.

Na tashi na fito. Ban sani ba, ni yake tausayi ko sa hannunsa da ke ƙarƙashin nawa. Kuma idan na yarda, ya riƙe ni ke nan har abada, ni ma na riƙe shi.

Ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Na zauna a gindin faifai har la'asar ina lissafin abin da zan rasa. Amma ko ta fuskar aiki ƙaryar ba ta da lafiya. Idan muka ce rana ce, ba wanda zai bincika ko akwai wani tsohon umarnin da ya rage a ciki, kuma a wancan makon umarni shida na aika.

Yau bayan an sauko daga Juma'a zan je wurin Hajiya. Na rubuto maka ne tun kafin in je, don in na san takarda ta kama hanya ba zan iya fasawa ba.

’Yarka,
Naja'atu

Tashar Kumbo, Gagarawa
22 ga Afrilu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake. Layi biyun da ka aiko sun iso, na karanta su ya fi sau goma. Allah ya bar mana kai.

Gamzaki yana kan hanya, alhamdu lillahi.

Hajiya ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta karɓi katina, ta aika aka ɗauko fayil daga ofishin Injiniya, ranar Asabar da safe mota ta dawo da Sirajuddeen. Ya shigo ya rame, ya gaida kowa, ya zauna a kujerata ya ce a kawo masa jerin abin da na aika a Agusta. Hajiya ta ce in zauna kusa da shi, ba zan taɓa komai ba, amma ni na san abin da na rubuta.

Cikin shidan nan mun sami wani guda da bai gogu ba. Umarnin kashe babbar eriya ne, ranarsa kuma ashirin da biyar ga wata. Da mun bi shawarar Injiniya, da mun gyara hanya mun yi murna, bayan kwana biyar mu sake rasa shi. Sirajuddeen ya goge, ya harɗe hannu, muka zauna minti ashirin da shida ba mai motsi har kumbo ya amsa. Bai ce mini ga yadda ake yi ba. Da ma ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi ya kunna idon. Hoton farko ya zo da taurari uku kawai, na'urar ta yi sanyi da yawa, ta kasa gane inda take. Injiniya ya ce a sake kashewa a kunna. Ni na ce a dumama ta tukuna, na tuna ta taɓa yin haka a gwaji. Sirajuddeen ya waiwayo ya dube ni, karo na farko tun dawowarsa, ya ce a gwada maganata a kan tagwayen. Ta yi. Bayan awa huɗu ta kama taurari goma sha ɗaya, kumbo ya warware, ya juyo da babbar eriya, bayanai suka kwararo har allo ya cika. Ɗantsoho da ke leƙe ta taga ya yi kabbara.

Ranar Litinin da azahar aka kunna inji na daƙiƙa tamanin da huɗu. Hannun Sirajuddeen ne ya aika. Ina tsaye a baya.

An dakatar da ni wata shida, kuma ko na dawo ba kan kujerar tuƙi ba. Injiniya an kira shi hedikwata. Da zai tafi ya gaisa da kowa ya tsallake ni, har yanzu ban san me zai faɗa a can game da ni ba.

Jiya na sami Sirajuddeen na roƙe shi gafara. A nan na ji labarin mutumin Maigatari. Kawunsa ne. Mahaifiyarsa tun rabuwarta da babansa ta koma ƙetare wurin danginta, tana fama da ciwon da ba ta so a sani, shi yake saya mata magani a Gumel duk wata ya ba kawun ya kai. Ya sunkuyar da kai ne don ta roƙe shi kada kowa ya ji. Sai da ya tona wannan a gaban jami'ai kafin su saurara masa.

Ya ce tsakanina da shi ya yafe, duniya da lahira. Amma ya ce ba shi kaɗai na taɓa ba. Labari ya riga shi isa Ɗanzomo cewa an kama shi yana sayar da asirin ƙasa. Mahaifinsa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, kwana tara bai fita majalisa ba, sallah ma a gida yake yi. Takardar hedikwata ba za ta je can ba, ko ta je ba mai karanta ta.

Don haka ga roƙona, Baba. Ina so in je Ɗanzomo in faɗa da bakina, a ƙofar gidansu, inda mutanen unguwa za su ji, cewa ɗansu bai yi komai ba, ni na yi kuskuren kuma ni na ambaci sunansa. Bai dace in je gaban dattijo ni kaɗai ba. Na san ƙafarka, na kuma san abin da nake nema ka tsaya ka ji ana faɗa a kan ’yarka. Idan ka ce ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba.

Gobe za a buɗe mana ƙofa, zan iso gida kafin la'asar. Ɗantsoho ya ce zai kai mu ranar Asabar da safe. Ka sa Iya ta sayi goro mai kyau, fari, na kai wa manya.

Wassalam.

’Yarka,
Naja'atu Isa